Abokina, Fara Duba Ruwan

Abokina, zo ka zauna nan gefen gadon angarib, ka ajiye ƙwayar maganin da ke hannunka. Tun hantsi nake ganin kana kai da komowa tsakanin ɗakinka da randar kakarka, fuska a murtuke kamar wanda aka cinye wa bashi. Ita ce ta tsegunta mini. Wai jatan landen da kake kiwo a akwatin gilashi sun fara mutuwa, uku jiya, biyu yau, har ka yanke shawarar farke kafso ɗin da ya rage daga ciwon haƙorin babanka ka zazzaga musu. Matar nan taka ba ta iya riƙe sirri ba, ka daɗe da sani. Amma yau kam ta kyauta.

Ba zan yi maka dariya ba, ko da yake na san ana yi a bakin layi, wai jikan masunci ya rasa abin kiwo sai 'yan ƙwarin da muke kakkaɓewa daga koma mu bar wa tsuntsaye. Ƙyale su. Kakana ya baro ƙasar Kabi da niyyar Makka, cikin ayarin da ya yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, ya yada zango a Mai Wurno kusa da Sinnar, kogin nan na Nilu ya riƙe shi. Daga shi har zuwa kaina, iyakar saninmu da halittar ruwa shi ne yadda ake fito da ita. Kai ne na farko a gidan nan da ya ce zai ajiye ta da ranta ya riƙa kallo. Ban ga aibu ba. Sai dai duk abin da ka tsare, haƙƙinsa ya hau wuyanka. Ka ji labarin matar da ta kulle kyanwa, a makarantar dare aka karantar da ku.

Lokacin da aka gama ginin hazzan, wato madatsar ruwan Rusairis, a 1966 ina ɗan saurayi kamarka. Ruwa ya taru a bayan gini, tafki ya haɗiye gonaki da kurmi, sai ga masu binciken kifi suna neman wanda zai tuƙa musu kwalekwale. Na yi shekaru ina yawo da su, ina riƙe musu kwalabe. Abin da ya fi ɗaure mini kai a aikinsu shi ne, in aka kira su aka ce kifi na mutuwa a wani lungu, ba sa fara taɓa kifin. Ruwan suke ɗiba. Su auna zafinsa, su ɗiga masa wani abu su duba launin da zai bayar, su tambayi mutanen wurin me aka zuba, me aka wanke, yaushe. Sai sun gama da ruwa kaf sannan su farke cikin kifi, kuma sau da yawa kafin a kai ga wuƙa an riga an gano mai laifi. A wurinsu na fahimci ainihin abin da Bahaushe ke nufi da ruwa ba ya tsami banza.

Su ne kuma suka gaya mini cewa 'yan ƙananan nan masu jiki garai-garai kamar gilashi, da ka kwaso a cikin ciyawar gaɓa, suna da suna a littattafan masana tun 1833, kuma sunan kogin Nilu aka laƙaba musu: Caridina nilotica. A tafkin Biktoriya 'ya'yan giwan ruwa da su suke girma. Ka ga ashe ba ƙwarin banza ba ne.

To kafin ka yi makoki, ka tabbata akwai gawa. Jatan lande yana saɓa kamar maciji. Ɓawonsa ba ya girma da shi, don haka in ya matse shi sai ya tsage shi a gadon baya, ya fizge jikinsa ya fita, ya bar tsohuwar rigar kwance da ƙafafu da gashin baki da komai. Wanda bai sani ba zai rantse mushe ne. Ka ɗauko ka duba a haske. In fari ne fes, babu komai a ciki, ga tsaga a baya, to saɓa ce, mai ita yana ɓoye a ƙarƙashin ganye yana jiran sabon ɓawo ya yi tauri. Kada ka jefar da ita, za su cinye abarsu su mayar da sinadarin allin da ke ciki. Wanda ya mutu da gaske kuwa naman yana nan, kuma cikin 'yan sa'o'i zai koma ja-ja kamar an tafasa shi. Shi wannan ka tsame shi nan take. Ina kyautata zaton biyu daga cikin biyar ɗin da ka binne a gindin lemo riguna ne kawai.

Saura uku. A kansu zan yi maka tambayar da mutanen nan suke yi: me ka yi wa ruwan a kwana ukun da suka wuce?

Ba sai ka amsa ba, an riga an ba ni labari. Ranar Juma'a ka ga gilashi ya yi gansakuka, ka kwashe su ka zuba a kwano, ka zubar da ruwan duka, ka wanke yashi da duwatsu da garin sabulu har suna ƙyalli, ka cika da ruwan famfo, ka mayar da su. Ka yi ne don ƙauna, na sani. Amma a ganina ranar ce ka kashe su.

Ga dalili. Duk abin da ke numfashi a ruwa yana kashi da fitsari a cikin ruwan da yake sha, ga ragowar abinci na ruɓewa. Daga nan amoniya ke fitowa, wato abin nan mai zarni da ke bugun hanci a garken awaki. A kogi ruwa na tafiya da ita. A akwatinka mai cin jarka guda, lita 20, ba ta da wurin zuwa. Abin da ke ceton su wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani, suna zaune a jikin yashi da duwatsu da soson matatar ruwa. Wasu su mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne, wasu su karɓa su mayar da shi naitiret, mai sauƙin illa, wanda ciyawar ruwa ke sha kamar taki. Kafin waɗannan ma'aikata su yi yawan da zai ishi sabon akwati, sai an yi mako huɗu zuwa shida. Santsin nan da kake ji a jikin dutse, wanda ka ɗauka dauɗa ce, nan ne gidansu, kuma shi ne abincin da jatan lande ke wuni yana tsinta da 'yan hannuwansa. Ka zo da sabulu ka rushe gari guda cikin rabin sa'a.

A Ishmawi an koya maka gane ruwan alwala da abu uku: launi, ɗanɗano, da ƙanshi. In ba su canja ba, ka yi tsarkinka. Wannan hukuncin ibada ne, kuma daidai yake. Sai dai ruwa yana iya wuce wannan jarrabawa ya zama tsarkakakke mai tsarkakewa, ya kuma kashe jatan lande kafin la'asar. Su abin da ke cutar da su galibi ba ya da launi. Ruwan da ka zuba ranar Juma'a ya fi na tafki kyan gani nesa ba kusa ba, amma akwai kulorin a ciki. Ba na zargin masu zuba shi. Mu da muka ga kwalarar 2019 a jihar nan da Sinnar ba ma raina kulorin. An sa shi ne don ya kashe ƙananan halittu, shi kuwa bai san na kirki da na banza ba. Yana ƙone wa jatan lande abin numfashi, ya kashe bakteriyar da na gaya maka. Maganinsa haƙuri kawai: ka tari ruwa a buɗaɗɗen bokiti, ka ajiye a inuwa kwana biyu, zai fice da kansa.

Kada kuma ka ɗebi na randar kakarka. Ka san al'adar matan bakin kogin nan in damina ta kankama, ruwa ya sauko daga duwatsun Habasha jajawur kamar kunun kanwa: su jefa alif, wanda ake ce wa shabba a nan, ko su daka 'ya'yan zogale su kaɗa, laka ta kwanta. Tun da Habashawa suka fara tare ruwa a babbar madatsarsu a 2020 lakar ta ragu ƙwarai, amma hannun tsohuwa ya saba, tana nan tana jefawa. Ruwan alif ya yi wa cikinka daidai, su kuwa yana sa musu ruwa tsami. In na kogi ka ɗebo da laka, bar shi ya kwanta da kansa ka tsiyaye na sama.

Ko da ruwan ya kwana biyu, ba a sauya shi gaba ɗaya. Jikin jatan lande yana daidaita kansa da gishirin ruwan da yake ciki da zafinsa. In ka sauya masa duniya farat ɗaya, sai ya shiga saɓa ba shiri. A nan ne za ka ga wani farin zobe ya zagaye jikinsa daidai inda kai ya haɗu da gangar jiki: ɓawon ya tsage ta ko'ina maimakon ta baya, ya kasa fita, ya kwanta a gefe yana harbin ƙafa har ya mutu. Ka tuna ko ka ga haka a cikin ukun nan. Abin da ya dace, duk mako ka cire lita biyu zuwa huɗu, ka mayar da madadinsu a hankali, da kofi, ko da siririn tiyon ƙarin ruwa na asibiti in ka sami sabo, yana ɗiga. Ka taɓa ruwan biyu da bayan hannu, kada ɗaya ya fi ɗaya sanyi. Soson matatar ruwa kuma a cikin tsohon ruwan da ka cire za ka matse shi, sau biyu ko uku, ka mayar. Gilashin gaba kaɗai za ka goge don ka ga abinka. Na baya bar musu gansakukarsu.

Sai zafi, wanda shi ne babban abokin gabanka a garin nan. Daga Maris zuwa Mayu ka san yadda Rusairis da Damazin suke, ma'auni na haura 40. Su jatan landen kuwa sun fi jin daɗi tsakanin 22 da 27. In ruwa ya wuce 30 sun shiga wahala. Ruwan zafi ba ya riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi. Lita ɗaya a zafin 20 tana ɗaukar kusan miligiram 9, a zafin 30 kuwa bakwai da rabi ne, alhali a lokacin ne jikinsu ya fi bukata, kuma a lokacin ne dafin amoniya ke ƙaruwa. Ciyawar ruwa tana ba da iska da rana, da dare kuma ita ma shaƙa take, shi ya sa mafi munin lokaci shi ne gab da asuba. Mu masunta mun san wannan tun kafin a gaya mana dalili. A ƙananan kududdufan da tafki ke bari in ya janye, da sassafe ake samun karfasa ta taso tana haƙi a saman ruwa, tarwaɗa kuwa ko a jikinta, don ita tana haɗiyar iskar sama. Jatan lande ba tarwaɗa ba ne. In ka ga sun taru a sama sun maƙale a jikin gilashi, wasu ma suna neman fita, iska ce ta yi ƙaranci. Ka ɗauke akwatin daga jikin taga. Ka naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu kamar yadda ake yi wa tulu, ka bar saman a buɗe iska na bugawa. In wuta ta ɗauke injin kumfa ya tsaya (mu da ke kwana da ƙarar injinan hazzan a kunne, ka ga ikon Allah), ka riƙa ɗiban ruwan da kofi kana tsiyayawa daga sama kaɗan-kaɗan. Ƙanƙara kam kada ka kuskura.

Akwai kuma mutuwar da ba ta jira. In ka ga dukkansu lokaci ɗaya sun haukace, suna zagaye akwati a guje, suna juyawa, suna faɗuwa a baya, guba ce ta shiga. Jatan lande ɗan'uwan ƙwaro ne. Duk abin da aka yi don kashe sauro da kyankyaso da tsutsar auduga yana kashe shi, da ɗan abin da bai kai a gani ba. Feshin maganin sauro a ɗaki, hayaƙin igiyar sauro, hannun da ya taɓa sabon gidan sauro mai magani, jarkar da aka taɓa zuba maganin gona ko an wanke ta sau goma, ruwan da ya gangaro daga gonar da aka yi wa feshi. Ba na ce ka kwana sauro na cinka saboda su ba, zazzaɓi ya fi su tsada. Ka fitar da akwatin daga ɗakin kwana, shi ke nan. Kuma ka ware musu bokitinsu da kofinsu, kada kowa ya taɓa.

Jan ƙarfe ma haka. Abin mamaki, jininsu da jan ƙarfe aka gina shi kamar yadda namu yake da baƙin ƙarfe, amma in ya yi yawa a ruwa ko kaɗan, ajalinsu ne. A shekarun 1950 da wani shuɗin gishirin jan ƙarfe ake kashe dodon koɗi a magudanan Jazira don yaƙi da tsargiya, ka ga ƙarfinsa ke nan. Magungunan kifi da yawa suna ɗauke da shi. Kada ka sa waya, ko tsohon kwabo, ko wani ƙarfen ado a ciki.

Tun da na ambaci dodon koɗi, bari in faɗi wadda ta fi damuna, don ita kai ta shafa. Inda kake shiga ka kwaso su, cikin ciyawar ruwa marar gudu, nan ne mazaunin dodon koɗin da ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Ta fata take shiga, ba sai ka sha ba. Na yi fitsarin jini ina yaro, har ana ce mana alamar balaga ce, ƙarya ce, ciwo ne mai cin mafitsara da hanta. Ka sa wa abin kamunka doguwar sanda ka tsaya a tudu. Kada ka ajiye dodon koɗin kogi a akwatinka. Ruwan kogi kuwa in ya yi kwana biyu a bokiti babu dodon koɗi a ciki, tsutsar ta mutu. Ka ga kwana biyun nan sun yi maka aiki biyu.

Abinci ba zan daɗe a kansa ba. Kana ba su da yawa. Na ga ɓarɓashin kisra a ƙasan akwatin ya yi gashi. Ɗan ganyen zogale ko yankan kabewa da aka tsoma a tafasasshen ruwa, sau biyu ko uku a mako, ya wadatar. Abin da ya rage bayan sa'a biyu ka cire. Yunwa ba ta cika kashe su ba.

Sai ka gama da duk wannan, ruwa ya zauna, babu zafi, babu guba, sannan in wani yana ciwo ka dube shi shi kaɗai. Ari tabaran karatuna, ko ka ɗauke shi hoto da waya ka buɗa. Mai lafiya ba ya zama haka kawai, kullum hannuwansa na tsinta, kuma za ka hangi baƙin zare ya bi gadon bayansa, hanjinsa ne cike da abinci. In zaren ya ɓace, ya daina ci. In ka ga wani farin gashi-gashi kamar auduga a goshinsa da gashin bakinsa, ko wasu 'yan fararen tsutsotsi tsaye a kan hancinsa suna motsi, 'yan haya ne suka hau shi, kuma ƙazamin ruwa ne ke yawaita su. Waɗannan suna jin gishiri. Ka narka ƙaramin cokali ɗaya na gishiri tsantsa a kofi ɗaya na ruwan akwatin, ka tsoma shi bai kai minti ɗaya ba, ka mayar da shi. A kofi, ka ji, ba a akwati ba. Kuma a wannan halin kaɗai ne za ka riƙa kwashe saɓar, don tsutsotsin suna barin ƙwai a jikinta. In ɓawo ya yi tabo baƙi ko ruwan tsatsa kamar an ƙona da sigari, bakteriya ce ke cin sa. In ruwa ya gyaru, wani lokaci saɓa ta gaba tana tafiya da shi. In kuwa naman wutsiya ya koma fari kamar madara daga ciki, wannan ba ya dawowa. Ware shi a wata kwalba, ka bar wa Allah.

Ka kula da ƙarƙashin cikin matan. Ƙwai ƙulu-ƙulu ne, a jere, uwar tana yi musu fifita da 'yan ƙafafun ciki dare da rana. Wannan alheri ne, kada ka dame ta, kada ma ka sauya ruwa da yawa a lokacin. Amma in abin kore ne shar, mai tsini-tsini kamar gezar tabarma, ciwo ne mai yaɗuwa, an fi ganinsa a jajayen nan da ake kiwo a ƙasashen waje, 'yan asalin Taiwan da Sin, waɗanda kake nuna mini a waya. In wata rana hanya ta buɗe wani ya kawo maka irinsu, ka ajiye su daban wata guda kafin ka haɗa, kuma ko sun ishe ka kada ka sake su a kogi. Wani lokaci kuma ba ciwo ba ne, ɓarawo ne: tsutsar mazari tana shigowa cikin ciyawa, ta laɓe, ta riƙa ɗauke ƙananan ɗaya bayan ɗaya. Haska fitila da dare za ka kama ta.

Kafso ɗin nan kuwa, da ka zuba, da sauran bakteriyar da ta tsira daga sabulunka ita ma ta tafi, ka koma farko. Mayar wa babanka abinsa, ka ce in ji ni ya shanye maganinsa yadda likita ya ce.

Akwai 'yan takardun awo da ake tsomawa a ruwa su canja launi, su nuna maka amoniya da naitirait. In ka samu, abin da kake so shi ne duka biyun su nuna sifili. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 ban sa rai za ka same su a kasuwar Damazin ba, kuma kada ka takura wa babanka. Sami littafi na makaranta, ka riƙa rubuta ranar da ka sauya ruwa, abin da ka ba su, wanda ya yi saɓa, wanda ya mutu. Bayan wata biyu littafin zai riƙa gaya maka abin da takardar awo za ta faɗa.

Yanzu tashi ka cika bokiti biyu ka kai inuwar rumfa. Yau da gobe kada ka ba su komai. In an yi la'asar ka zo mu gangara gaɓa, ni zan nuna maka inda za ka ɗauko duwatsu uku masu santsi, gidan bakteriyar nan, mu duba su sosai kada dodon koɗi ya biyo, mu bar su su kwana biyu a bokiti tare da ruwan kogi kafin su shiga akwati. Gobe kuma in mun fito sallar asuba ka riƙo fitila, mu leƙa mu ga ko suna ƙasa suna kiwo ko sun hau sama. Ka ce wa matar taka ta sa mini shayi, kuma ta rage sukari.